Gyaran da Na Yi wa Lujain

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Larabci a makarantun sakandare na Irbid, kuma duk wanda ya zauna a ajina zai gaya maka Ustaz Fawwaz ba ya ganin kuskure a takarda ya wuce. Ko allon shago na gani da harafi ba daidai ba, sai na shiga na yi wa mai shagon magana. Matata Intisar takan ce ko takardar shaidar mutuwata aka miƙo mini sai na duba nahawunta kafin in cika.

Lujain ce autarmu. Tana da shekara huɗu wani likita a Amman ya ce mana tana da larurar otizim. Ta yi jinkirin magana, ba ta kallon idon mutum, ƙarar injin markaɗe kan sa ta toshe kunnuwa ta shige ƙarƙashin tebur. Amma akwai ƙwaƙwalwa. Ta gama sakandare da sakamakon da ya fi na yayanta Muhannad, ta samu gurbi a jami'a. Mako shida ta yi. Motar haya cike da mutane, ɗakin lacca mai cin mutum ɗari uku, malamin da zai sauya aji ba sanarwa. Wata rana aka kira ni, na je na same ta tsugune a bayan ɗakin masu gadi, ta cije hannunta har ya yi jini. Ba ta sake komawa ba. Shekara biyu ta yi a ɗaki, abinci ma sai an kai mata.

Wata 'yar yayar Intisar ce ta ba mu labarin wata kwaleji da ake karatunta ta intanet, wadda aka tsara don masu irin larurar Lujain. Ba dole ɗalibi ya kunna kyamara. Kowace lacca a ɗauke take, kuma a rubuce, ka maimaita ta yadda kake so. Ba a taɓa jadawali sai an yi sanarwa da mako guda. In magana ta yi maka nauyi sai ka rubuta. Kowane ɗalibi yana da malamar da ke kula da shi, ta Lujain kuwa sunanta Dakta Rula.

Ta zaɓi karatun albarkatun ruwa, ba wanda ya yi mamaki. Unguwarmu ranar Laraba ake sako mana ruwa, kuma tun Lujain tana 'yar shekara goma sha biyu take hawa saman soro da sandar awo da littafi, tana rubuta inda ruwa ya kai a kowane tanki. Cikin wata uku sai ga ta ta dawo cin abinci tare da mu. Har ta yi ƙawa, wata yarinya daga Karak, ba su taɓa jin muryar juna ba amma kullum suna rubutu.

Ni na buɗe mata shafin ranar farko, saboda haka kalmar sirrin tana wurina. Ƙa'idarsu ita ce ɗalibi ya ɗora aikinsa, yana kuma iya sauya shi har zuwa azahar ɗin Alhamis. Lujain takan ɗora nata Talata ƙarfe huɗu daidai, daga nan ba ta sake buɗe shi. Abin da aka gama, a wurinta, an gama.

Wata safiyar Laraba tana saman soro, na zauna na karanta aikinta na farko. Ga irin rubutun: "Ruwa ya zo bakwai da minti goma. Ruwa ya ɗauke ƙarfe uku. Tankin farko ya cika. Tanki na biyu bai cika ba." Ba gabatarwa, ba kammalawa. Da ɗalibina ne ya kawo mini wannan, biyar cikin ashirin zan ba shi. Abin da na gani kawai shi ne an kayar da ita, ta koma ɗakin nan ta rufe ƙofa. Na gyara kurakurai uku na nahawu, na rufe.

Mako biyu bayan haka na ƙara jimla ɗaya a farko. Daga baya sakin layi.

Intisar ta taɓa shigowa da shayi ta same ni.

"Abu Muhannad, me kake yi a kwamfutar yarinya?"

"Goge mata nake yi."

"Da tabarau a hanci? Ka yi ritaya fa, bawan Allah. Je ka gyara allon mai burodi, ka ƙyale mini 'ya."

"Wasali ɗaya ne."

"Kai ka taɓa tsayawa a wasali ɗaya?"

Ta ajiye shayin ta fita. Ita ma tsoron ɗakin nan take yi, shi ya sa ba ta sake tayar da maganar ba.

A shekara ta uku aka ba su babban aiki. Lujain ta tattara bayanin tankunan gida arba'in a unguwarmu, ta hanyar tura wa matan maƙwabta tambayoyi a waya. Wata huɗu tana kai. Da na karanta sai na ga lissafin ya yi kyau, amma rubutun a bushe yake ƙayau. Na zauna na sake gabatarwar gaba ɗaya, na sake kammalawar. Har na ji daɗin wata jimla da ta zo mini, cewa ruwa a garinmu baƙo ne da ke zuwa bisa alƙawari ya tafi ba sallama.

Sakamakon ya fito muna cin mujaddara, wato dafa-dukan shinkafa da adas, da rana. Lujain tana karantawa a allon kwamfutarta ta hannu, cokali a ɗaya hannun. Dakta Rula ta ba ta maki mai yawa, ta kuma ɗauko wannan jimlar ta yaba, ta ce ta yi murnar ganin Lujain ta fara wasa da harshe.

Lujain ta ajiye cokalin.

"Ruwa ba baƙo ba ne," in ji ta. "Ban rubuta wannan ba."

Intisar ta dube ni. Ni kuwa na dubi farantina.

"Wani ya shiga shafina. Na gaya wa Dakta Rula."

"Yaushe?" na tambaya.

"Yanzu."

Ta riga ta tura, ban ma haɗiye lomar da ke bakina ba. Ta fara rangaji a kan kujera, gaba da baya, tana cewa baƙon mutum ya karanta mata aiki, ya san gidajen arba'in, ya san sunan unguwarmu. Na ga hannunta ya nufi bakinta.

"'Yata, ni ne."

Ta tsaya. Ba ta kalle ni ba, gefen kunnena take kallo kamar kullum.

"Sau nawa, Baba?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ba lamba ba ce."

Ta ɗauki allonta ta shige ɗaki.

Bayan kwana goma kwalejin ta kira zama. Na sa kwat ɗina na zauna a falo gaban kyamara, Lujain tana ɗakinta, bango ɗaya tsakaninmu, kyamararta a kashe, sunanta kawai ake gani. Dakta Rula mace ce mai kamar shekara arba'in, ranar na fara ganin fuskarta. Ta ce sun duba, an sauya aikin Lujain sau ashirin da uku, duk ranar Laraba tsakanin takwas da tara na safe.

Na ce laifina ne ni kaɗai, yarinyar ba ta sani ba. Na ce a hukunta ni.

"Ustaz, ba mu da hukuncin da za mu yi maka, kai ba ɗalibinmu ba ne. Mun san ba ta sani ba, ita ta kawo ƙarar. Amma ba za mu iya sa hannu a kan aikin da mutum biyu suka rubuta ba."

An soke darussa bakwai. Sai Lujain ta maimaita su, shekara ɗaya da rabi ke nan.

"Tsoro na ji kada ta faɗi," na ce.

"Na asalin da ta fara ɗorawa suna nan a ajiye, mun karanta su. Ba duka ne za su sami babban maki ba. Biyu ma da mun mayar mata ta sake. Amma da ta wuce." Sai ta ƙara da cewa, "Ni ma ina da nawa laifin. Shekara biyu ina rubuta wa shugabanninmu cewa rubutun Lujain yana ci gaba. Ashe naka nake karantawa."

Sai rubutu ya fito a ƙasan allon, daga ɗakin da ke kusa da ni: "A cikin makin da na samu, nawa ne nawa?"

Dakta Rula ta ce za su duba. Lujain ta sake rubuta tambayar, harafi da harafi. Ta rubuta sau uku, sannan sunanta ya ɓace daga allon.

An ba ta har farkon zangon kaka ta sake rajista. Ba ta yi ba. Dakta Rula ta rubuto sau da yawa, ta ce gurbinta yana nan. Ƙawarta ta Karak ta kammala, aka yi musu biki ta intanet, ta turo hoton takardar shaidarta. Intisar ce ta gani a wayarta, ta nuna mini a kicin, ta share ido da gefen mayafi.

Muhannad ya zo daga Zarqa ya yi mini faɗa a tsaye, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce shekara ashirin ina gaya wa mutane ƙanwarsa ta fi kowa ƙwaƙwalwa, ashe ni ne na farkon wanda bai yarda ba. Uwarsa ta ce ya zauna ya ci abinci, ya ce ba ya jin yunwa.

Lujain ba ta koma kulle kanta kamar da ba. Tana fitowa cin abinci, tana gaishe ni da safe da kalmomin da ta saba. Amma in na shigo falo tana rubutu, ko da jerin cefane ne, sai ta kife takardar ta ɗora hannu a kai. Na ba ta haƙuri ba sau ɗaya ba. Takan ce, "Na ji." Na ce don ina son ta na yi. Ta ce, "Na sani. Amma ka yi."

Wata rana bayan la'asar ta kawo mini sabon littafin rubutu ta ajiye a gabana.

"Ka rubuta duk wurin da ka taɓa. Kowanne."

"Ai kwalejin ta turo miki na asalin, 'yata. Kina iya gwadawa."

"Na gwada. Na san su."

"To me za ki yi da nawa?"

"Ka ce kaɗan ne."

Na yi mako biyar ina yi. Ta ba ni waɗanda na gyara kawai, ta hana ni na asalin. Sai in zauna a baranda bayan karin kumallo in bi layi layi, ina ƙoƙarin gane wace kalma ce tawa, wace ce tata. Manyan ba su ba ni wahala ba, muryata a fili take. Ƙananan ne matsalar, waƙafi nan, harafi can. Akwai jimlolin da na rantse nawa ne, na sake dubawa na ga ba zan iya rantsewa ba. Na samu ɗari huɗu da shida.

Na kai mata. Ta zauna a teburin cin abinci da littafin da allonta, ta yi awa uku tana bi, ba ta ɗago kai ba. Intisar ta kawo mata shayi ya huce a wurin. Da ta gama ta turo mini littafin.

"Tara daga ciki nawa ne. Ba ka taɓa su ba."

"To, alhamdulillahi."

"Saura goma sha huɗu ba ka rubuta ba."

Na ce ta nuna mini inda suke. Ta girgiza kai ta tashi.

Wannan a watan Maris ne. Rajistar bana za ta rufe nan da mako uku, Intisar ta hana kowa tayar da maganar. Na samo shida daga cikin goma sha huɗun.