Kafin Boris Ya Iso Daga Gusau

Shekara takwas bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, duk Wurno babu mai kwance ƙafar mota ya mayar da ita daidai sai Mode. A soja ya koyi aikin. Ya dawo gida da akwatin sifanu da wata takarda mai hatimin Turawa, ya kafa rumfar zana a bakin hanyar Sakkwato. Motoci ba su da yawa a lokacin: manyan motocin gyaɗa da auduga, da motar En'e in ta biyo, sai wata tsohuwar kitika ta Alhaji Atiku, mai fataucin albasa da fatu. Mode mutum ne mai kirki, amma ba ya son a gaya masa yadda zai yi aikinsa.

Mahaifiyarsa, Inna Mairama, tana da yaya guda a duniya, Kaltume, wadda ke aure a Shinaka, can gaba da Goronyo. Kaltume ce ta goye ta bayan iyayensu sun rasu a shekarar yunwa, ita ce kuma ta aurar da ita. Rabonsu da juna shekara goma sha ɗaya, tun da Inna Mairama ta faɗi a bakin rijiya ƙugunta ya goce. Daga nan ba ta ƙara iya zaman jaki ba, balle hawa bayan babbar mota kan buhuna.

Wata Laraba a ƙarshen bazara, Yusufu ɗan Kaltume ya iso Wurno a ƙasa, ƙafafunsa fari fat. Bayan ya sha ruwa ya durƙusa gaban Inna Mairama.

"Inna, jikin tsohuwa ya yi nauyi. Wata biyu ke nan ba ta hita ɗaki. Ta ce in gaya miki, in da hali, tana son ta gan ki da idonta."

Inna Mairama ba ta yi kuka ba. Ta juya ta dubi ɗanta kawai. Mode ya ce ta kwantar da hankalinta, shi zai kai ta, a gidan gaba na mota, zaune kan katifa.

Da la'asar ya sami Alhaji Atiku a zaure. Alhaji bai bari ya gama bayani ba.

"Ai Mairama uwa ta gare mu duka. Ɗauki motar. Sai dai ka duba mani ƙafar baya ta dama, tun dawowarmu daga Raba take wani kuka kamar ana niƙa."

Washegari da hantsi aka turo kitikar rumfa. Tun kafin ya sa jak, Mode ya ga baƙin mai ya zubo ta cikin taya ya kama ƙura. Ya ɗaga ƙafar, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ƙwal-ƙwal. Ya kwance notuna, ya cire kwanon birki, ya tarar da takalman birkin sun jiƙe sharkaf da mai. Da ya zaro sandar aksul mai juya taya, ya wanke boris ɗin da ke jikinta, wani zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki, da kananzir, ya juya shi da yatsa yana saurare. Yana juyawa, amma da ɗan gurzawa, kamar akwai yashi a ciki. Sil ɗin da ke tare mai kuwa, wani zoben gwangwani mai fata a ciki, ya bushe ya tsage gida biyu.

A maƙwabtan rumfar akwai wani tsohon baduku, Malami, mai ɗinkin linzami da sirdi. In aiki ya yi masa sauƙi yakan jawo buzunsa ya zauna yana kallon Mode. Ya miƙa hannu aka ba shi sil ɗin, ya jujjuya shi a tafinsa.

"Wanga ai ƙirgi na," in ji shi. "Buɗe mani bakin gwangwanin, in yanko maka sabo daga gadon bayan bijimi, in jiƙa shi da mai ya kwana. Gobe ka mayar."

"Boris ɗin fa, Baba Malami? Shi ma da ƙirgi za ka ɗinka shi?"

"Shi ai bai mutu ba. Na ji kukanai. Cika shi da man giris, ka tahi sannu, kamar tahiyar raƙumi. Shinaka ba Makka ba ta."

Mode ya ajiye sifana. Ya gaya wa tsohon abin da ya gani da idonsa a Bama: wata motar soja da mai ya jiƙa wa birki a gangaren dutse, da mutum bakwai da aka kwaso daga cikinta. Ya ce shi ba zai ɗora uwarsa kan ƙafar da aka yi wa faci ba. Akwai kanti a Gusau da ke da kayan irin wannan mota, wani direba da ke zuwa can zai kawo sabon boris da sabon sil cikin mako guda.

Malami ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda gajimare ya fara taruwa kwana biyu.

"Mako guda, in Allah ya so. In kuwa ruwa ya sauka, ka san fadama. To bar tsohon a jikin sandar, ko da za a bukace shi."

Da a ce su biyu ne kaɗai, wataƙila da Mode ya bar shi. Amma mutane sun taru a bakin rumfar, har wani ya ce ai maganar tsoho gaskiya ce. Mode ya ji kamar ana koya masa aikinsa a gaban jama'a. Irin wannan boris ba ya fita daga sanda sai an fasa zoben da ke riƙe da shi. Ya ɗauko kurfi da guduma, ya ɗora sandar kan gungume, ya yi duka uku. Zoben ya tsage, boris ɗin ya tarwatse, ƙwallayensa suka gangara cikin yashi. Ya tsince ɓallen da ke da lamba ya ƙulle a tsumma domin a kai Gusau.

Malami ya miƙe. Ya naɗe buzunsa ya koma rumfarsa.

Yusufu ya koma Shinaka da albishir cewa nan da mako guda Inna na tafe cikin mota. Inna Mairama kuwa ta shiga shiri. Ta sa aka daka mata daddawa, ta ciro wani zane saƙi da ta daɗe tana ajiya, ta ƙulle su da tafarnuwa da ɗan jan kanwa a ƙunshi guda, ta ajiye a bakin gado.

Mako ya cika, direban ya dawo hannu wofi. Ya ce masu kantin sun ce irin wannan lamba ta ƙare, sai jirgin ƙasa ya kawo daga Kano. Mode ya hau keke ya je Sakkwato, ya zaga duk inda ake kwance tsofaffin motoci, bai samu ba. Ya dawo ya tarar da kitikar yadda ya bar ta, ɗage kan itace, ƙafa uku, awaki na kwance a inuwarta. Sau ɗaya tak Inna Mairama ta tambaye shi.

"Mode, mi ya rage ga motar?"

"Ɗan ƙarfe guda na, Inna. Shina hanya."

"To, Allah shi kawo shi."

Ba ta sake tambaya ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Kullum ya shiga gaishe ta sai ya ga ƙunshin a bakin gado, ya kau da kai.

Ran kwana goma sha biyar aka yi ruwan shuka. Garin ya fita gona, kowa na murna, Mode na zaune a rumfa yana kallon ruwa na zuba kan motar. Bayan kwana uku aka sake yin wani, wanda ya fi na farko, ya wuni yana zuba.

Ran kwana goma sha tara kayan suka iso, naɗe cikin takarda mai maiƙo. Boris ɗin daidai ne. Sil ɗin kuwa ya yi girma, na babbar mota ne. Mode ya daɗe tsaye da shi a hannu. Sannan ya tono tsohon zoben gwangwanin daga cikin akwati, ya nufi rumfar Malami, ya durƙusa. Tsohon bai tuna masa da komai ba. Ya karɓa, ya auna da zare, ya yanko ƙirgi ya fere shi, ya tsoma a mai. Washegari Mode ya ɗumama zoben riƙo a garwashi ya kora shi kan sanda, ya ƙone man da ke jikin takalman birki ya goge su da toka, ya haɗa komai. Ya zaga gari da motar sau biyu. Babu kuka, babu ɗigon mai ko ɗaya.

Da sassafe suka kama hanya. Mutum biyu suka tallabo Inna Mairama suka zaunar da ita a gidan gaba, ƙunshinta a cinya. Tun da aka haife ta ba ta taɓa shiga mota ba. Ta riƙe ƙofa da hannu biyu, amma da suka fita gari sai ta saki, ta shiga nuna masa gonakin da ta sani, tana faɗin sunayen masu su, waɗanda yawancinsu sun rasu.

Ba su yi rabin hanyar Goronyo ba suka tarar da ruwa. Wata ƙorama da ake tsallakewa da ƙafa a rani ta cika ta batse, ta cinye hanya, ta malala cikin fadama har iyakar gani. Wani mai gadin hanya ya gitta itace, ya ce an rufe wa motoci sai kaka. Mode ya naɗe wando ya shiga da sanda yana gwadawa. Taku goma ruwan ya kai masa ƙirji, ƙasan kuma laka ce mai santsi. Ya yi tunanin ya goya ta ya haye, ya nemi jaki a tsallake. Ya tuna ƙugunta, da sauran tafiyar wuni guda a laka. Ya fito yana ɗiga.

Inna Mairama tana zaune tana kallon tsallaken ruwan. Wasu Fulani na kora shanu a can nesa.

"Nan da Shinaka akwai nisa?" ta tambaya.

"Da sauran tahiya, Inna."

Can ta kira ɗaya daga cikin masu fito da gora da ke tsallakar da kaya a bakin ruwan, ta miƙa masa ƙunshin, ta kwatanta masa gidan, ta ce a ba Kaltume, a ce Mairama ta zo har bakin ruwa. Sannan ta ce da ɗanta su koma.

Kwana goma sha biyu bayan haka Yusufu ya aiko cewa Allah ya yi wa Kaltume rasuwa. Mode ne ya shiga ya gaya wa uwarsa. Ta yi salati, ta ce a kawo mata ruwan alwala. Ya tsaya a bakin ƙofa yana so ya ce wani abu game da gudumar nan, bakinsa ya kasa. Ita ma ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ko a ranar ko bayanta.

Sai bayan an yanke gero aka buɗe hanya. Alhaji Atiku ya sake ba da motar, suka tafi gaisuwa. Tafiyar da ta gagara duk damina, kafin azahar sun isa. Yara suka biyo motar da gudu har ƙofar gida. Aka shigar da Inna Mairama ɗakin yayarta, ta zauna kan gadon kara, tana shafa tabarmar da hannu.

Habi, matar Yusufu, wadda ta yi jinyar tsohuwar, ta kawo wa Mode fura a zaure. Ta zauna daga gefe tana ba shi labarin kwanakin ƙarshe, ba da wata manufa ba, don dai ta ga shi ɗa ne. Ta ce saƙon ya iso, tsohuwa ta sa aka lulluɓa mata zanen, da shi aka same ta. Ta ce tun ranar da Yusufu ya dawo da albishir, kullum da hantsi sai ta ce a fito da ita ƙofar gida a jingine ta da bango, wai kada mota ta zo ta wuce ba a gane gidan ba. Kusan mako uku ana haka, har ruwa ya hana.

"Ran da iska ya taso da ƙarfi sai ta ce mu yi shiru, ta ji kamar mota," in ji Habi. "Mu kuwa sai mu yi shiru."

Mode ya ajiye ƙwaryar bai sha ba. Ya fita bayan gida inda ya ajiye motar, ya tsuguna a gefenta, ya daɗe a nan. Yusufu ya zo ya same shi, ya ɗauka wani abu ne ya lalace, ya tambaye shi ko a nemo masu turi. Mode ya ce a'a, lafiyarta lau.

Kwana uku suka yi a Shinaka. Inna Mairama ta roƙi a bar mata tsohon maburgin yayarta da wata 'yar ƙwarya mai ɗinki, aka ba ta. A hanyar dawowa ta yi barci, kanta jingine da kafaɗarsa, shi kuwa ya riƙa tuƙi a hankali yana kauce wa ramuka. Sun shiga Wurno ana kiran la'asar. Ya sauke ta, ya kai wa Alhaji Atiku motarsa, ya wanke hannu ya tafi masallaci.