Fumfuna a Ɗakin Ƙasa

…saba'in da huɗu. Metodi yana ƙwanƙwasa gilashin ma'aunin danshi da farce, ko allurar ce ta maƙale. Ba ta maƙale ba. Saba'in da huɗu, a mako na bakwai da fara fure, lokacin da bai kamata danshin ɗakin nan ya haura hamsin ba. Hamsin ɗin ma da lallashi.

Kwana tara ana ruwa a garin Prilep. Tara. Bango ya sha ya ƙoshi, yanzu zufa yake yi. Ga injin zuƙe danshi can a lungu, cikinsa ya cika ya kashe kansa, 'yar jar fitilarsa sai ƙyafta ido take kamar mara gaskiya. Tun yaushe? Shi da kansa ya ce zai sauko jiya da la'asar ya zubar da ruwan kafin fitilu su mutu. Ya ce. Sai ciwon matarsa Dafina ya motsa, ya zauna yana murza mata ƙafa, ƙarfe shida ta wuce… in fitilu sun mutu kuwa ba a buɗe ƙofar nan sai an cika awa goma sha biyu. Tukunya takwas na wiwi cikin duhu, ƙofa a rufe, suna ta huci. Duk ruwan da ka ba su sai sun huro maka abinka.

Zubar da ruwan tukuna. Mayar da bokitin. Kunna. Ƙara wa fanka ƙarfi. Taga? Wace taga — surukin maƙwabci ɗan sanda ne, kuma abin da ke waje ya fi na ciki jiƙa.

Yanzu dubawa. Ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa. Ta farko lafiya. Ta biyu. Ta uku ƙamshi har maƙogwaro, danƙo yana kama yatsa. Ta huɗu, babbar, wadda kanta ya kai kaurin damtsen yaro… wannan ɗan ganyen da ya leƙo daga tsakiyar furen, me ya sa ya yi rawaya shi kaɗai?

Kar ka ja. Ja mana. Ya biyo hannu, ko gardama babu.

Ba sai ya buɗe ba, ya riga ya sani, amma yatsu ba sa jin magana. Ciki ya yi laushi, ya yi launin ƙasa, ga furfurar nan a shimfiɗe kamar saƙar gizo. Fumfuna.

"Mijin yaya! Shekara talatin kana shanya taba a rana, yau ka koma noma a rami kamar gafiya?"

Gligor ke nan, ƙanin Dafina, tun farkon fara noman, a kan matakalar nan, kai ba gashi ko ɗaya, yana dariya yana riƙe haƙarƙari. Don shi aka fara. Tukunya biyu kacal. Ciwon daji ya shiga jininsa, maganin da suke ɗura masa a asibitin Skopje ya hana shi ko ganin abinci, mutum kamar ƙofa ya koma kamar kara. Ranar da ya fara zuƙa, kasko biyu na gasasshen wake ya tashi da su, yana side hannu, yana cewa a ƙaro barkono. Dafina tana kuka tana zuba masa.

Girbi na biyu ne. Na biyu. A fure ɗaya Metodi ya ga fumfunar, ɗaya tak, bai kai kan ɗan yatsa ba. Ya yanke, ya ƙara yanke gaba da wajen, ya jefa a murhu. Kaɗan ne. Haka ya ce. Da wa ya faɗa? Da bango. Sauran ya shanya, suka bushe ƙaras, kyau kamar me…

Gligor ya zuƙa. Mako uku, tari. Mako biyar, bututu a hanci.

Likitar nan 'yar siririya mai tabarau, a barandar asibiti, tana juya biro. Fumfuna ce ta kama huhunsa, jikinsa ba shi da garkuwar da zai yaƙe ta. Ko'ina ana iya shaƙarta, in ji ta. Tsohon gini, ciyawa, juji. "Yana kiwo a gida?"

"Akwai kaji."

Ƙarya ya yi? Akwai kaji. Goma sha ɗaya da zakara. Dafaffiyar alkamar sadakar arba'in ɗin Gligor ma a tsakar gidan aka raba, kajin suna tsattsagar wadda ta zube, mutane suna kallonsu suna girgiza kai. Matar Gligor ta sa aka yanke su duka a satin. Shi ya riƙe mata wuƙar. Shi.

Ko kajin ne? Ai zai iya zama kajin. Likita ce ta faɗa, mai ilimi. Shekara biyu yana tauna wannan magana, ta ƙi haɗiyuwa.

Almakashi. Ina almakashi… ga shi a aljihu, tun ɗazu hannunsa na kai.

Kwalbar man wiwin Dafina saura yatsa biyu. Kwana biyar, shida in an matse. Waɗannan kuwa suna bukatar kwana goma sha biyu kafin su nuna, sannan shanya, sannan dafawa. In ya sare su yau ya zubar, sai bayan wata huɗu. Wata huɗu! Ya san yadda take in babu ɗigon nan uku a ƙarƙashin harshe. Ya ga matashin kan da ta ciza har auduga ta fito. Na kantin magani sun gwada, kamar ka ba ta ruwan famfo.

To a cire ta huɗu kawai. Tukunyar duka, a sa a leda, a fitar. Saura bakwai, ai lafiyarsu ƙalau, ya duba — uku ya duba. Kuma fanka ta kwana tana kaɗawa, daga wannan zuwa waccan, abin da ido ba ya gani… Mahaifinsa a rumfar taba, yana watsar da ɗauri guda saboda ganye ɗaya: wake ɗaya ke ɓata gari, yaro, kar ka yi ciniki da ruɓa. Tsohon yana da rumfa ashirin. Zubarwa ba ta yi masa wuya.

Amma ita ba zuƙa take ba. Mai ne. Wuta za ta ci, awa nawa a kan murhu, me zai rayu? Gligor huhu ne, wannan ciki ne, ba ɗaya ba ne. Ba ɗaya ba ne. Jininta ya ɗan farfaɗo ma, wancan watan an ce ya… an ce me? An ce kar ta shiga taro, kar ta taɓa ƙasar fulawa. Ƙasar fulawa ma.

Kaɗan ne.

Wa ya faɗa? Bakinsa ne ya motsa. Muryar dai ita ce, ta wancan karon, ko tsufa ba ta yi ba.

Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Sandar Dafina a kan daɓen katako, daidai saman kansa.

"Tsoho! Mutuwa ka yi a can? Kofinka ya huce."

"Ina zuwa."

"Nawa ya nuna yau?"

"Hamsin da biyar."

Ruwa a kan kwano, injin yana gurnani.

"A wannan ruwan?"

"Injin na aiki."

"To."

To. Wannan *to* ɗin… ya taɓa jin sa. A ina? Teburin kicin, jarida a shimfiɗe, busassun furannin wancan girbin a kai. Ba shi ya zuba su a kwalba ba. Ita ce. Yana wanke hannu, ita tana zaune tana tsincewa. Dafina, wadda ta yi shekara ashirin da shida tana tantance ganye a kamfanin taba, wadda daga bakin ƙofa take nuna dilar tabar da ta fara lalacewa, mata suna ce mata hancin kare. Ta ɗauki fure ɗaya, wanda aka yanke wa gefe. Ta ɗaga shi wajen taga. Ta juya shi. Ta kai hanci, ta daɗe… ta dube shi, shi kuma ya duƙufa yana cuɗa sabulu kamar hannun ba nasa ba. A safiyar ranar aka bugo waya, Gligor kwana huɗu ko shayi ba ya zama a cikinsa.

"Lafiya dai?" ya ce, bai juyo ba.

"To," ta ce. Ta jefa a kwalba, ta murɗa murfi. "Kai masa yau."

A'a. A'a, haske take dubawa, kyan furen take… Dafina? Da wannan hancin?

Tun ranar ba ta sake sauko ɗakin nan ba, tun ma ƙafafunta suna ɗaukarta. Kullum safiya sai ta tambayi lamba. Shi a zatonsa maganinta take tsaro. Ranar da aka yanka kajin ta shige ɗaki ta rufe, aka ce jini ne ba ta son gani, matar da ta saba fiɗar alade da hannunta. Shekara biyu gado ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, yana ɓoye mata, ita kuma tana…

Ko kuwa shi ne yake neman abokin ɗaukar kaya? Wa zai tambaya? Da wane baki?

Yana zaune a matakala ta uku, bai san lokacin da ya zauna ba, ruɓaɓɓen furen a dunƙule cikin hannunsa, sanyinsa yana ratsa tafi. Sarewa, bari, hawa sama, kowanne sai an miƙe tsaye.

A sama ana jan kujera. A hankali, da ƙyar, ƙiii… ta huta… ƙiii. Ba tata ba ce, tata ba ta ƙara. Tasa ce take ja, zuwa gaban tata.