Kalmomi Biyu da Jan Biro

Tun daga firamare Auta ba ta san wata lamba ba sai ta ɗaya. A gida Farfesa ake ce mata, ita kuwa ba ta taɓa cewa a daina ba. Sai ga shi a watanta na biyu a jami'a, malamin lissafi, wani dattijo mai ɗaurarriyar fuska, ya dawo mata da takardar gwaji ɗauke da kalmomi biyu da jan biro: "Ba laifi."

Ba laifi! Abin da ake ce wa tela ke nan idan ya ɓata ɗinki ana jin nauyinsa. Auta ta juya takardar gaba da baya, ko "madalla" ta maƙale a wani lungu. Babu. Ta daina ɗaga hannu a aji, ta koma bencin baya kusa da tagar da gilashinta ya fashe. Ko gaishe ta aka yi sai ta ji kamar jaje ake mata. Da Baba ya kira ya ce, "Farfesa, ya karatu?" sai ta ce ba ta jin sa sosai. Tsoro ne ya kama ta: in ba ita ce ta ɗaya ba, to ita wace ce?

Bayan sati biyu ta cike fom ɗin canja sashe, ta kai wa malamin ya sa hannu.

"Me ya kore ki?" in ji shi.

"Malam, kun ce ba laifi."

"To, da laifi ne?"

Sakatariyarsa, wadda ta shekara ashirin tana buga masa takardu, ta tuntsire da dariya. "Haba 'yata! Ran da na yi masa albishir an haifa masa 'yan biyu, abin da ya ce ke nan. Ba ki duba takardun 'yan ajinku ba? Kowa 'sake' ya samu."

Auta ba ta duba ba. Ina ta ga lokaci, tana ta zaman makokin kanta?

Malam ya cire murfin biro. "In sa hannun?"

Ta janye fom ɗin a kunyace, ta cusa a jaka.

Da yamma Baba ya sake kira. "Farfesa, ya karatu?"

Ta gyara murya, ta ce, "Ba laifi, Baba."

Baba ya ce, "Subhanallahi! Me ya faru?"