Riga Ba Ciki

A kamfanin sigarinmu na garin Estelí ba wanda yake gama karan sigari shi kaɗai. Mutum biyu ne a kowane teburi: namiji ya haɗa ganyen ciki ya matse shi a katako, mace ta naɗe shi da ganyen riga. Abokin teburina Don Eulalio ne, tsoho mai gashin baki da mita. Mun daɗe tare, har idan na taɓa karan da ya haɗa nakan gane ko ya karya kumallo, ko kuwa da faɗan matarsa ya fito.

"Chilo, kin sake shafo turaren nan," haka yake gaishe ni. "Za ki kashe mini ganye."

"Hancinka ne ya tsufa, tsoho."

Sai ya turo mini rosquilla, biskit ɗinmu na masara, in tsoma a kofi, yana ci gaba da gunaguni.

Kamfanin yana da asusun fansho nasa, ƙari a kan na gwamnati. Ni ina ciki tun ina budurwa, na ɗauka kowa ma haka. Ran da aka yi wa wata abokiyar aikinmu walimar ritaya na zungure shi, na ce saura mu.

"Saura ke dai," in ji shi. "Ni na haura hamsin na zo, bayan gonata ta salwanta. Wanda ya wuce arba'in da biyar ba sa saka shi."

Ya faɗi haka yana lasar yatsa, ko a jikinsa. Ni kuwa raina ya ɓaci har kunnuwana suka ɗau zafi. Mutumin da ya fi kowa sammako, ashe ran da hannunsa ya gaza sai ɗan abin gwamnati kawai, wanda ko maganin matarsa ba zai saya ba.

Na je wurin Yahoska, lauyar ƙungiyar ma'aikata. Ta ce ware mutum saboda shekarunsa ya saɓa wa doka, za ta kai ƙara, amma in sani shari'a ba ta sauri. Manaja kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce ba shi ya kafa ƙa'idar ba. To madalla. Sai na tara matan da abokan teburinsu suke tsofaffi irin nawa, muka yi ƙus-ƙus a bayan ɗakin shanyar ganye.

Mai kamfanin, Don Bayardo, yana da al'ada: duk Juma'a yakan zaga, ya ɗauki kara daga teburin da ya ga dama, ya murza a kunne, ya kunna. A wannan Juma'ar, da Don Eulalio ya tafi kai katakonsa wurin matsi, na naɗe ganyen riga a jikin muciyar kofina, na shafa danƙo, na zare muciyar. Ya fito sumul, ba mai cewa ba kara ba ne. Na ajiye shi a saman sauran, na kira mai kamfani da kaina.

Yana murzawa ya lotse a hannunsa kamar ɓawon ƙwai.

"Doña Chilo, mene ne wannan?"

"Aikin 'yan fansho ke nan, ranka ya daɗe. Cikin na Don Eulalio ne, shi kuma kun ce ba da shi ba."

Da na waiga, mata sun ɗaga nasu marasa ciki, teburi bayan teburi. Sai ga muryar tsohona daga baya:

"Mahaukaciya! Ganyen riga mai kyau kika ɓata haka?"

Aka fashe da dariya, har da Don Bayardo. Shi kuwa tsohon ya juya wa mutane baya yana share ido da hularsa, wai ƙurar taba ce.

Ba dariyar kaɗai ta yi aiki ba, ƙarar Yahoska ma ta tsorata masu kamfanin. Kafin damina ta fita suka cire ƙa'idar. Sai dai shekarun baya sun tafi: daga ranar za a fara zuba wa tsofaffin, kuma sai mutum ya cika shekara goma a ciki zai ci.

Na zaci Don Eulalio zai karaya. Ina! Washegari ya zo da sabon aski, ya zauna, ya miƙe yatsunsa suka yi ƙara.

"Goma ce kawai, Chilo. Zan kai. Ke dai ki je a duba miki ido, ki rage sukari. Ba zan iya koyon hannun wata a wannan tsufan ba."

Ya manta, ko bai taɓa tunani ba, cewa ni a Disamba zan ajiye aiki. 'Yata Karelia ta riga ta gyara mini ɗaki a gidanta na San José, har da labule. Na kalle shi yana jera ganye, harshe a waje kamar ɗan makaranta.

Da aka tashi cin abinci na fita bakin ƙofa na kira Karelia. Na ce ta saka ɗan haya a ɗakin.