Wuri a Gefen Lois

Tsanin ne ya fara faɗuwa, sannan dattijon da ake kira Don Eladio ya biyo shi.

Xinia ta yi jifa da gwangwanin fenti ta kwasa a guje. Ranar gayyar iyaye ce a makarantar Aminai, Asabar ɗin da kowane gida ke turo mutum a gyara abin da damina ta lalata, don haka kafin ta isa har an yi masa zobe. Ita kam ta ga abin da ya faru. Ba zamewa ya yi ba. Ƙirjinsa ya dafe tun yana sama, sannan ya saki guduma.

Aka ɗauke shi a kan ƙyauren wani aji zuwa gidansa, wanda shinge kawai ya raba da makarantar, kuma yake manne da na Xinia. Wata uwa mai aikin jinya ta saurari ƙirjinsa, ta ja Xinia zuwa bakin ƙofa.

"Zuciya ce. Na kira motar asibiti, amma ƙasa ta zaftare ta rufe hanya tun da asuba. Ko motar madara ba ta wuce ba."

"To yanzu yaya?"

Matar ta girgiza kai. "Da wuya ya kai yamma."

Xinia ta koma ta durƙusa a gaban gadon. Tsohon ya buɗe ido ɗaya ya kalle ta.

"Ke 'yar nan, an yi miki tambari a goshi kamar saniyar sayarwa."

"Fenti ne, Baba. Kai kuma me ya kai ka kan rufi da tsufanka?"

"Samarin naku waya suka iya riƙewa, ba guduma ba." Ya yi tari, ya damƙe wuyan hannunta da ƙarfin da bai kamata a ce yana da shi ba. "Gefen Lois. Ki tambayo mini su. Da kunnena nake son in ji, kada a bari sai na tafi. Yi sauri, tun kafin labari ya sauka gangare."

Ba ta tsaya tambayar wa ke gangare, can garin da ke ƙasan dutsensu, ba. Sauran zancen kuwa ta gane shi sarai: wurin kabari yake roƙo. Lois matarsa ce, malamar da ta koya wa rabin ƙauyen karatu, tana kwance a 'yar maƙabartar Aminai da ke bayan makaranta. Aminai wata ɗariƙar Kirista ce mai ibada da zaman shiru, shi kuwa Eladio bai taɓa shiga cikinsu ba. Zai gyara musu rufi, zai kawo musu cuku ranar biki, amma ya ce shi ba zai iya zaman shiru kamar kaza a kan ƙwai ba. Kuma shi ne ke tuƙi ranar da motar ta zame a kwanar rafi da Lois a ciki. Tun daga ranar yayanta, Don Harlan, bai sake amsa gaisuwarsa ba.

Doña Mayela, mai jagorantar zaman Aminai, ta buga ƙarfen tashi daga aji. Mutane suka ajiye adduna da tsintsiyoyi suka shiga zauren taro, da taɓo a takalmansu. Aka jera bencina suna kallon juna. Don Harlan ya zauna a inda ya saba, hannayensa biyu a kan sandarsa.

Mayela ta faɗi abin da ya tara su a taƙaice, ta sunkuyar da kai. Shiru ya sauka.

Xinia ta san ƙa'ida. Tun da ta sa ɗanta a makarantar take zama da su. Ba a ƙirga hannu, ba a rinjaye. Kowa sau ɗaya yake magana, in ya gama a yi shiru, kuma mutum guda in ya tare hanya magana ta tsaya ke nan. Ta sani, amma wuyan hannunta na zafi har yanzu a inda tsohon ya riƙe. Ta miƙe zumbur.

"Don Allah, mutumin nan mutuwa yake yi! Ba mu da lokacin wannan. Duk wanda ya yarda ya ɗaga hannu kawai mu wuce wurin!"

Ba wanda ya ɗaga. Ba ma wanda ya ɗago kai. Ta koma ta zauna, kunya ta lulluɓe ta.

Can sai Don Harlan ya tashi, a hankali, gwiwoyinsa na ƙara.

"Wuri ɗaya ya rage a gefen ƙanwata. Mahaifiyarmu ta ce nawa ne, kuma kun san haka. Ranar nan na ce masa kada ya fita da ita cikin ruwan sama. Ya yi mini dariya." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ya raba ni da ita sau ɗaya. Ya isa."

Xinia ta sake yunƙurawa. Tana da amsa, tana da amsoshi ma. Lois ce ta matsa a fita ranar, tsohon ya gaya mata da bakinsa. Kullum da safe ta tagar kicin ɗinta take hango shi yana tsallaka shinge zuwa kabarinta da kofin gahawa biyu.

"Xinia," in ji Mayela, ba tare da ɗaga murya ba. "Kin yi taki."

Ta ciji leɓe ta zauna. Damarta guda ce, ta kuma zubar da ita a kan ɗaga hannu.

Shirun ya yi tsawo. Ta ƙofar zauren tana iya hango tagar Don Eladio, inda mai jinya ta tsaya tana leƙowa, tana nuna mata da hannu cewa a yi sauri. Xinia ta dunƙule hannaye a cinya har farcenta ya shiga nama.

Sai ruwa ya sauko. Ya fara da yayyafi a kan kwano, ya ƙaru. Daga inda tsohon ya bar aiki bai gama ba, inda kwano ɗaya ke ɗage ba ƙusa, ɗigo ya fara sauka a tsakiyar zauren. Ɗal. Ɗal. Wani yaro ya so ya tashi ya ɗauko bokiti, uwarsa ta riƙe masa riga. Ruwan ya taru a kan katako, ya ja siririn layi, ya tafi har ya taɓa bakin takalmin Don Harlan. Bai janye ƙafar ba. Ya ɗaga kai ya kalli rufin.

Wata tsohuwa da ke benci na baya ta yi magana daga zaune, don ƙafafunta ba sa ɗaukarta.

"Lokacin da kuke ɗora rufin nan, Harlan, kai da Eladio, a kwano ɗaya Lois ke kawo muku shinkafa da wake. Wai in ta raba sai kun yi faɗa a kan wa aka fi zuba wa."

Wani ya yi 'yar dariya ya shanye ta. Aka sake yin shiru. Xinia ta kalli tagar. Mai jinya ba ta wurin.

Daga ƙarshe Mayela ta ɗago. "Abin da nake ji a zaman nan shi ne a ba Eladio wurin. Akwai mai tare hanya?"

Ɗal. Ɗal.

"Zuciyata ba ta yarda ba," in ji Don Harlan, idonsa a kan ruwan da ke ƙasa. "Ba na jin za ta yarda. Amma na kauce."

Xinia ta riga ta ɗaga jiki, sai ta tuna zama ba ya tashi sai mai jagora ta miƙa wa na kusa da ita hannu. Ta tsaya rabi a zaune rabi a tsaye, tana kallon hannun Mayela da ke kwance a cinya kamar an ɗaure shi. Da hannun ya motsa, ita har ta kai ƙofa.

Ta tsallake shingen ta wurin da ya lanƙwashe, ta faɗa ɗakin a jiƙe sharkaf. Leɓɓansa sun yi shuɗi. Numfashin na zuwa, ya tsaya, ya daɗe kafin ya dawo.

"Baba! Baba, sun ba ka. Gefen Lois."

Fatar idonsa ta motsa. "Harlan fa?"

"Ya kauce."

"Ya kauce," ya maimaita, kamar yana ɗanɗana kalmar. Gefen bakinsa ya ɗaga kaɗan. "Tsohon alfadarin nan. A ce masa kwanon can saura ƙusa."

Lokacin da ƙwanƙwasar sanda ta iso barandar, mai jinya ta riga ta rufe masa ido. Don Harlan ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa na zuba daga hularsa. Ya cire ta. Ya daɗe yana kallon gadon daga kai zuwa ƙafa, sannan ya juya ga Xinia.

"'Yata, ina yake ajiye ma'auninsa? Katakon da muka saya don kantocin littattafai zai isa akwati."

Washegari da hantsi iyaye maza suka haƙa ramin, suna karɓa-karɓa da shebur. Akwatin na ajiye a kan ciyawa, yana ƙamshin sabon katako. Yaran makaranta sun tsaya a jere da furannin da suka tsinko a bakin shinge. Ba waƙa, ba wa'azi. Aka sunkuyar da kai, aka shiga shiru.

Xinia ce ta fara jin ƙarar ƙofar shinge. Wata mata ce ke tahowa tsakanin kaburbura, doguwa, taɓo har gwiwa, alamar da ƙafa ta haye zaftarewar. Ba wanda ya san ta. Amma goshin, da yadda take karkata kai in tana tafiya, Xinia ta yi shekaru tana ganinsu a jikin tsohon ta tagar kicin.

Matar ta tsaya a bakin ramin. Ta karanta sunan da ke kan dutsen Lois, ta dubi akwatin.

"Wa ya ba ku izini?" ta tambaya. "Babana ne. Uwata, matarsa, na gangare tana jiran gawarsa."

Ba wanda ya amsa, don ba a riga an tashi daga shiru ba. Don Harlan na tsaye da igiyar saukar da akwati a hannu. A gefen ramin, wata 'yar ƙasa ta ɓalle daga tudun da aka tara, ta gangara ciki a hankali.