Littafin Garin da Ruwa Ya Ci

Gara in faɗa tun yanzu: shekara tara ina kula da ɗakin karatu na wata sakandare a Yelwa, ban taɓa karance littafi ɗaya ba. Hatimi nake bugawa, in jera, in hana yara surutu. A wannan fannin kam ba a kai ni ba.

A 1983 aka aiko mana da kwali uku na littattafai ta Sakkwato, kyauta daga Amurka. Na zaci lissafi ne da kimiyya. Da na buɗe, sai tarihin ƙananan garuruwa: wannan na masu haƙar kwal, wancan na wata gunduma da duk alfaharinta gada ɗaya ce, ga wani sukutum a kan yadda tsofaffin matan wani kwari ke ɗinka bargo. Shugaban makaranta, Malam Basiru, ya ɗaga ɗaya ya ji nauyinsa.

"Ɗangana, waɗannan sai tokare ƙofa," ya ce.

Wanda na ɗauka don tokare ƙofar ne ya buɗe a kan hoto: mutane suna loda gadaje a bayan mota. An yi dam, ruwa zai cinye garinsu. Nan na zauna a ƙasa. Ashe kafin ruwan ya iso sun bi gida gida sun rubuta wa ke ciki, wa ya gina rijiya, wa ya dasa itacen bakin makaranta, har sunan wani kare da ya shekara goma yana raka mai raba wasiƙu. Duka garin mutum ɗari uku ne, littafinsu shafi ɗari huɗu. Kowa ya samu shafi, har da rara.

Mu ma ruwa ya ci namu, Gungun Tamada, tsibirin da aka haife ni, lokacin da aka tare kogi a Kainji. Amma tun ina ɗan shekara bakwai aka kawo ni boko, na koyi sa takalmi na manta hanya. Na gwada jera gidajen garin a kaina, na tsaya a na huɗu. Wadda ta rage da ta san su duka ita ce Inna Tabawa, yayar mahaifiyata, kuma tun bara take jinya.

Ran Asabar na tafi wajenta, a gidajen siminti da aka gina wa mutanen gungun kusa da Wara, da faffaɗar takarda da rula, don in zana taswira irin ta littafin.

"Inna, babban titi ta ina ya bi?"

"Titi? Cikin gungu? Kai, ɗan boko, mi sunka koya maka?" Ta juya fuska. "Nan ban iya tuna komi. Ɗakin ga bai san ni ba. Kai ni bisa ruwa."

Ni jikan masunta ne, amma ko randa na leƙa sai kaina ya juya. Haka na shiga jirgin Jabiru, surukinta, na zauna a tsakiya na rungume takarda. Farkon damina ne, tafki ya ja baya, kawunan matattun itatuwa sun fito. Ta sa Jabiru ya matsa kusa da wani baƙin kututture, ta dafa shi.

"Tsamiyarmu ce," ta ce. Sai ta leƙa ruwan ta ɗaga murya. "Salamu alaikum, gidan Isa maƙeri! Kun tashi lahiya? Lami, albasarki ta yi kyau bana?"

Ba lissafa gidajen take ba, gaida su take, ɗaya bayan ɗaya, yadda ta saba bi da safe in za ta ɗebo ruwa. Jabiru yana tuƙi a hankali yana bin muryarta, yana karya kwana inda babu komai sai ruwa. Na ajiye rula. Wallahi sai da na ji kamar za a amsa. Hannu ɗaya na riƙe gefen jirgi, ɗayan yana rubutu, hawaye yana ɓata mini tawada.

A wani wuri ta yi shiru har muka wuce.

"Inna, nan babu gida?"

"Akwai. Na Saratu. Ba mu magana."

"Shekara goma sha biyar a ƙarƙashin ruwa, Inna!"

"Ita ta fara."

Gida arba'in da ɗaya muka samu, har da na Saratu. Bayan girbi Allah ya yi wa Inna rasuwa. Na mai da abin shafi sittin, na ɗinke da zare, na kai wa Malam Basiru, na yi masa doguwar lacca: mu yi koyi da mutanen can, ga shi jikokinsu suna layi don su karanta garin kakanninsu, shi ya sa bai nutse ba. Ya ce to, in jera shi kusa da na Amurkan.

Da na zo buga wa na Amurkan hatimi, sai na ga katin aro a aljihun bangon baya, inda ake buga kwanan wata duk sanda aka are shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin karatun gundumarsu. Katin fari ne tas.