Maɗacin da Faiba Ta Rufe

Duk Gyaɗi-Gyaɗi babu wanda bai san Maje kafinta ba. Amma da Baba Rabi'u ya tashi gyara jirgin ruwansa, sai ya tsallake babban ɗan nasa ya kira ƙaramin, Misbahu, mai liƙin bambar mota da tankin ruwa a Darmanawa. Jama'a, ina Maje zai sa ransa?

Jirgin na faiba ne, irin wadda ake bambar mota da tankin ruwa da ita, da shi Baba ya yi sana'ar su a dam ɗin Tiga kafin ciwon ƙafa ya dawo da shi gida. Tun daga nan yake ajiye a ƙofar gida, damina tana cika shi, awaki suna kwana a gindinsa. Daga waje lafiya lau. Amma allon baya, inda ake ɗaura inji, katakon da ke cikinsa ya ruɓe, ka danna da yatsa ya lotsa kamar dafaffiyar kabewa. Yanzu ƙafa ta yi sauƙi, tsoho ya ce sai ya koma ruwa.

"Baba, wannan ai aikin katako ne," in ji Maje.

"Jirgin faiba ne. Bar wa mai faiba."

Shi ke nan fa. Maje ya koma shagonsa da ke kallon gidan, yana fiƙe ƙafar kujera yana cin rai. Shekara da shekaru yana jiran ranar da Baba zai dubi aikin hannunsa ya ce madalla, bai taɓa ji ba. Ga shi kullum tsoho na kan tabarma kusa da jirgi, Misbahu kaza, Misbahu kaza. Ko ruwa yaron ya sha sai an sa masa albarka. Kishi ne tsagwaronsa, Maje ma bai musa wa kansa ba.

Misbahu ya yanke fatar faibar, ya ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon tas. Sannan ya zo shago.

"Yaya, wane katako zan sa?"

"Ni ka tambaya? Ai kai ne gwanin."

Yaro ya juya jiki a sanyaye. Washegari sai ga shi a adaidaita sahu da katako fari sol. Tun daga nesa Maje ya gane ɗanye ne. A rufe shi cikin faiba da damshinsa, a ciki zai ruɓe, wata rana inji ya ɓalle da allon gaba ɗaya. Wallahi sai da Maje ya ji wani sanyi a ransa. To, a ga gwanin!

Sanyin bai daɗe ba. Wa zai kasance cikin jirgin ranar da zai ɓalle? Tsoho mai ciwon ƙafa, a tsakiyar Tiga.

Ranar da Baba ya tafi ɗaurin aure ƙauye, Misbahu kuma ya shiga Sabon Gari sayen gam, Maje ya tsallako titi yana tsaki. Ya fincike ɗanyen katakon ya wurgar. Ya ɗauko busasshen maɗacin da ya daɗe yana ɓoyo, wanda wani Alhaji ya yi ta nacin saye ya hana. Ya auna, ya yanka, ya goge, ya zaunar da shi daram, ko allura ba za ta shiga tsakani ba. Tunda yake bai taɓa aiki mai kyan wannan ba.

Misbahu ya dawo ya gani, ya dubi shago, Maje ya kau da kai. Yaro ya shimfiɗa faiba, ya shafe da gam, ya bi da fenti. Maɗaci ya shige ciki, babu idon da zai ƙara ganinsa.

Da Baba ya dawo, ya zaga bayan jirgin ya ƙwanƙwasa da sandarsa. Allo ya amsa, ƙam! Tsoho ya washe baki, ya tara maƙwabta.

"Ku ji nan! Kai Maje, matso ka ga yadda ake aiki."

Maje ya matso.

Misbahu ya sunkuyar da kai. "Baba, gaskiya katakon ciki Yaya ne ya yi. Nawa bai yi ba."

Maje ya ɗago ido, yana jira.

Baba ya yi dariya, ya dafa kan Misbahu.

"Kun ji ɗan albarka? Har yabon ma so yake ya sam wa yayansa."